Amsa ga Baffa a kan tafiyarmu kufan Inka

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso ni ta bakin Yaya, kuma na fahimci hotunan da yara suka tura gida ne suka sa ka tambayi abin da ya kai mu ƙasar Peru a Kudancin Amurka, kufan mutanen da ba su san Allah ba, alhali kuɗin jirgin zai iya kawo mu Kano ko ya kai mu Umra. Tambayar tana kan hanya, shi ya sa na ga ya fi dacewa in amsa maka a rubuce.

Mu Hausawan unguwar Bronx a New York, yawancinmu 'yan zangon Kumasi da Akara ne da mutanen Nijar, sai mu 'yan Nijeriya. Hutun aikinmu bai cika wuce mako biyu ko uku a shekara ba, kuma ka san ba a zuwa gida hannu rabbana, don haka magidanci mai iyali yakan yi shekara uku kafin ya iya kwaso kowa zuwa Kano. A shekarun tsakani ne muke yin adashin tafiya: gida uku ko huɗu su haɗu, a zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da takardu, kuma har yau madugu muke ce masa kamar yadda fatake ke yi. Wanda bai sauke farali ba, dattawanmu sukan ce ya fara tara na Makka tukuna. Ni da maiɗakina mun sauke, alhamdu lillahi.

Peru kuwa 'yata ta fari ce ta jawo ta. An koya musu tarihin Inka, tsohuwar daular ƙasar, a makaranta, ta zo tana ba ni labarin sarkinsu Pacakuti wanda ya hau mulki a 1438, sai na tambaye ta ko ta san Muhammadu Rumfa, ta ce ba ta taɓa jin sunansa ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin Rumfa ya hau gadon sarautar Kano a 1463, lokacin Pacakuti yana raye. Na yi shekaru ina ba yaran labarin badala da Kurmi, suna saurare kamar tatsuniya, sai na yi tunanin in sun ga irinsa da idonsu a inda suka riga suka karanta, wataƙila na gida zai zauna musu.

Mun sauka Kusko, babban birnin daular, a watan Yuli, wanda a can hunturu ne: rana da zafi, dare da sanyi mai ratsa ƙashi. Garin yana bisa tsauni kimanin mita 3,400, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, saboda haka iskar ba ta ƙosar da huhu, mutum ya hau matakala goma sai haki da ciwon kai. Kwana biyu muka yi ba mu je ko'ina ba. Da muka warware aka kai mu ganuwar Saksaiwaman da ke saman gari, inda aka sassaƙe duwatsu, wasu sun fi tan 100, aka haɗa su ba laka ba siminti. Na zaro katin ɗakin masaukinmu na gwada cusa shi tsakanin dutse biyu, ya ƙi shiga. A cikin gari Sifaniyawa, waɗanda suka ci daular da yaƙi, sun gina coci a kan Korikanca, babban ɗakin bautar rana, kuma da girgizar ƙasa ta 1950 ta lalata cocin, bangon Inka da ke ƙarƙashinsa bai gusa ba.

Mai yi mana jagora ya bayyana cewa ba da kuɗi aka biya magina ba, kowane gari ne ke turo maza su yi wa sarki aiki na wani lokaci su koma, kuma har gobe manoman ƙauyukansu suna taya juna noma, yau gonar wannan gobe ta wancan, suna kiran abin aini. Na juya na ce wa yara wannan ita ce gayya, kuma da taron hannu irin wannan aka ɗaga badalar da kakanku yake bi ta gefenta kullum.

Ga batun addini, wanda na san shi ne ainihin damuwarka. Kafin mu tashi mun je wurin limaminmu, ya karanta mana ayar Suratur Rum da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ya ce mu je da niyyar ɗaukar izina, mu nisanci duk abin da ya shafi bautarsu. Mun kiyaye. Akwai masu tayin yi wa baƙi sadakar ganyen koka ga uwar ƙasa, da suke kira Pacamama, muka ce mun gode muka wuce. Salla mun yi ta ƙasaru a masauki, alƙibla tana gabas ta ɗan karkata arewa. Izinar kuwa a fili take. Daular da ta shimfiɗa hanyoyi na dubban kilomita a cikin tsaunuka, Firansisko Pizaro na Sifaniya ya zo da mutanen da ba su kai 200 ba ya kama sarkinta Atawalpa a 1532, bayan cuta da yaƙin 'yan'uwa biyu a kan sarauta sun riga sun raunana ta. Machu Picchu, garin da aka gina wajen 1450 a kan tsauni, an bar shi daji ya rufe, duniya ba ta san da shi ba sai a 1911. Na tsaya a cikin ɗakunansa marasa rufi, ruwa yana gudu a magudanar dutse kamar masu gidan sun fita ne su dawo, sai Surame, kufan birnin Kanta na Kabi, ta faɗo mini a rai, wadda ni ɗan ƙasa ban taɓa takawa ba.

Amma inda tafiyar ta fi biya mini bukata shi ne kasuwar Lahadi ta Cincero. Mata ne ke da ita, zaune a ƙasa da jajayen huluna, kaya a baje a kan mayafi: dankalin Turawa kala-kala, wanda asalinsa daga tsaunukan nan ne, da masara mai manyan ƙwayoyi, da wani busasshen dankali da sanyin dare da rana suke busarwa ya shekara bai lalace ba. A gefe guda ana cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, kaya da kaya, ba a fito da ko sisi ba. Maiɗakina ta sayi masara wurin wata tsohuwa, da aka gama awo tsohuwar ta ƙara mata cikin hannu guda ta ce “yapa”. Maiɗakina ta ce “gyara ke nan”, suka yi wa juna dariya ba mai jin yaren wani. Yaranmu, da suka tashi inda farashi ke manne a jikin kaya, ranar suka fara ganin yadda ake tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

Wata masaƙiya ta kira ƙaramar 'yata ta ɗora mata wani farin ƙwaro da ake samu a jikin tsiro mai ƙaya, ta murtsuke shi a tafin hannunta, sai ga ja kamar jini. Ta ɗiga lemon tsami, ya koma ruwan goro. Da shi suke rina zaren gashin tumaki da na alfaka, wata dabba mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, kuma da mazari suke kaɗi irin na Goggo. A nan yarinyar da kanta ta tambaye ni ko haka ake yi a marinar Ƙofar Mata, na ce namu da baba ne da toka a cikin rami, ta ce tana son ta gani.

Abinci mun yi taka-tsantsan da shi. Suna cin naman alade da gasasshen ɓeran Masar, don haka muka tsaya ga kifin kogi da ƙwai da dankali da dafaffiyar masara, muna barbaɗa yajin da muka taho da shi. Gidan da aka kafa wa sanda da jan ƙyalle a ƙofa giyar masara ake sayarwa a ciki, madugu ya gargaɗe mu tun ranar farko.

Na sayo maka bargon gashin alfaka saboda hunturu, da ƙullin gishirin Maras, inda ake tare ruwan wata maɓuɓɓuga mai gishiri a ƙananan kwamaye a gefen tsauni har rana ta busar da shi. Wani ɗan ƙungiyarmu zai taho da su ƙarshen wata. Mu kuma baɗi ne zuwanmu in Allah ya kai mu, kuma yara sun roƙa ka kai su Kurmi da Ƙofar Mata da kanka, ka nuna musu abin da ya rage na badala. A gaida Goggo da sauran mutanen gida.