Amsa: Wanne ya fi wajen shirya malaman kemistiri na sakandare?

Malam, ka tambaya ko ƙara wa ɗalibanka zurfin kemistiri ya fi, ko kuwa dabarun koyarwa. A ganina ka sa su fara koyarwa tun yanzu, da kayan gwaji a hannunsu. Kowa ya tsaya gaban 'yan ajinsu na minti 15, ya yi gwaji guda, ya bayyana shi ta fuska uku kamar yadda Alex Johnstone, masanin koyar da kemistiri, ya tsara a 1982: abin da ido ya gani, abin da ƙwayoyin zarra suke yi, da alamomin da ake rubutawa a allo. Nan take za ka gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai.

Na taɓa duba wata ɗaliba mai ƙoƙari lokacin gwajin koyarwa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, narkewar gishiri a ruwa da narkewar ƙanƙara abu ɗaya ne?" Ta yi shiru, alli a hannu, har tausayinta ya kama ni. Ta san amsar a takarda, ba ta taɓa faɗinta da baki ba: ƙanƙara zafi ke narkar da ita a digiri 0 na ma'aunin Celsius, gishiri kuwa ruwa ne ke raba ƙwayoyinsa, zafi ba ya narkar da shi sai a digiri 801. Sharaɗin gwajin dai, kada kowa ya taɓa asid mai ƙarfi sai da tabarau na kariya, kuma ya san asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba.