Ina so in saya wa matar ƙanena awaki a ƙauye, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Aboabo, nan Kumasi. Ƙanena ya rasu ya bar mata da yara huɗu a wani ƙauye kusa da Ejura, kuma kowane wata ni ke tura musu kuɗin cefane. Ina tunanin in saya mata awaki ta riƙa kiwo, ko Allah Ya sa su tsaya da ƙafafunsu. Shin dabarar za ta yi, kuma wane irin awaki zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan ƙanenki, Ya raya abin da ya bari. Dabarar za ta yi, da sharaɗin ki ɗauke ta a matsayin aikin shekara biyu, domin abin da ke rusa irin wannan taimako shi ne awakin su mutu a shekarar farko, ko kuma a sayar da su ranar da buƙata ta taso tun ba su hayayyafa ba.

Ki sayi gajerun awakin nan na gida, kuma ki saye su a ƙauyukan da ke kewaye da inda za su zauna. Na san dogayen awakin da ake saukowa da su daga Burkina Faso da Nijar sun fi cika ido a kasuwa, amma jikinsu na busasshiyar ƙasa ne, damshin yankin Asante da tsutsar ciki da sammoren da ƙudan tsando ke yaɗawa suna kayar da su. Gajerar akuya kuwa tana jure sammore, tana yawan haifar tagwaye, kuma ita ce irin da tashar kiwon awaki ta gwamnati da ke Kintampo take kiwatawa. Mata uku masu kamar shekara ɗaya zuwa biyu sun isa a fara da su. A duba baki, a ga haƙoran gaba ba su zube ba, a duba hantsa, a ga ido garau, hanci ba majina, gindin wutsiya ba alamar zawo. Bunsuru ba dole ba ne tun farko idan akwai nagari a maƙwabta, sai dai a riƙa sauya shi don kada ya hau 'ya'yansa, irin ya lalace.

Lafiya ita ce inda nake so ki fi kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba. Akwai annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942, kuma hukumomin duniya suke fatan kawar da ita nan da 2030. Tana farawa da zazzaɓi da majina da kwantsar ido, sai gyambo a baki, sai zawo, kuma tana iya share garke cikin makonni kaɗan. Ba ta da magani, amma allurar rigakafinta guda ɗaya tana kare dabba har shekara uku. Saboda haka, kafin a kai awakin gida, a nemi malamin dabbobi na gunduma ya yi musu allurar, ya ba su maganin tsutsa, sannan a ware su daga sauran awakin gari na kamar mako uku. Sau da yawa cutar daga kasuwa ake kwaso ta, shi ya sa na fi son a saya a gidan mai kiwon da aka sani. Maganin tsutsa kuma a maimaita shi a farkon damina da ƙarshenta. A yi musu ɗaki mai rufi da iska, ƙasansa a tashe kuma a bushe, domin akuya ba ta son jiƙa, kuma sanyi da danshi ne ke kashe ƙananan. Duk ɗan da aka haifa a tabbatar ya sha dakashi tun a sa'o'in farko.

Abinci ba zai gagara ba a ƙasar noma irin Ejura. A tara harawar wake da ta gyaɗa lokacin girbi don rani, a haɗa da dusar masara da ganyen itatuwa da ɗan gishiri ko kanwa. Ɓawon rogo abinci ne mai kyau, amma sai an shanya shi ya bushe, saboda ɗanyensa yana da guba. Lokacin shuka a ɗaure su a turke ko a killace su, don akuya ɗaya da ta shiga gonar maƙwabci tana iya jawo tarar da ta fi kuɗinta, kuma bazawara ba ta da mai tsaya mata a irin wannan shari'a. A kuma kiyaye su da cin leda.

Yanzu ga lissafin da ya sa na ce shekara biyu. Cikin akuya wata biyar ne, kwana 150 ke nan, kuma idan tana ƙoshi tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Awaki uku za su iya ba da 'ya'ya tara ko fiye a wannan tsakani, amma ɗan fari ba zai kai sayarwa da daraja ba sai ya doshi shekara. Ma'ana, idan kika daina tura kuɗin cefane ranar da kika sayi awakin, kin tilasta mata ta sayar da uwa don ta sayi masara ko ta biya asibiti. Ki ci gaba da turawa shekarar farko, ki fara ragewa bayan an sayar da mazan farko. Ƙa'idar ita ce a sayar da maza, a riƙe mata. A fiɗiye mazan da ba a buƙata su zama taure su yi ƙiba, a kuma nufi lokacin Sallah da Kirsimeti, da masu gidajen abinci na Kumasi waɗanda miyar naman akuya ba ta yanke musu.

Ki faɗa a gaban dangi da shaidu cewa awakin nata ne ita da marayun, domin dukiyar da ba a fayyace mai ita ba, kowane suna ko biki na dangi a kanta yake ƙarewa. Fulanin Nijar suna da al'adar habbanaye, inda ake ba mabuƙaci aron dabba mace ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, sannan ya mayar da uwar. Za ki iya yin kwatankwacin haka: idan garken ya kai goma, ta ba wata mabuƙaciya a ƙauyen ƙananan awaki mata biyu daga cikin waɗanda aka haifa, tare da nuna mata malamin dabbobin da ya yi wa nata allura.