Layin EMA ya kwanta, ya ƙi motsi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake, ina koyon rubuta indiketa, wato ma'aunin tafiyar farashi, a manhajar cinikin kuɗaɗe ta MetaTrader 4 (MT4). Na haɗa EMA, wato layin matsakaicin farashi da ke ba sabon farashi ƙarin nauyi, ta kyandir 20 (kowane kyandir yana nuna farashin wani ɗan lokaci) da hannuna, amma layin ya miƙe kamar sanda, alhali wanda ya zo da manhajar yana bin farashin Yuro da Dala hawa da sauka. Ga abin da na rubuta: double k = 2/(N+1); kuma N ɗin, wato yawan kyandirori, int ce (cikakkiyar lamba). Ina na ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lissafinka daidai ne a takarda, MQL4, yaren da ake rubuta indiketa da shi a MT4, ce ta yi maka ƙwange. A wannan yaren, idan ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, sai ta yar da duk abin da ke bayan ɗigo. Ya kamata 2 a raba da 21 ya ba ka kusan 0.095, amma ita sifili za ta miƙo maka. Wannan double (lamba mai ɗigo) da ka sa a gaba bai cece ka ba, don an gama rabon kafin a zuba amsar cikin k. Ita k nauyin da ake ba sabon farashi ce, don haka da ta zama sifili, sabon farashi ba ya shiga lissafi, kullum EMA ta baya ake maimaitawa. Rubuta 2.0/(N+1), layin zai farka.

Kada ka rufe kwamfutar tukuna. A MT4, kyandir mai lamba 0 shi ne na yanzu, wanda bai ma rufe ba, lambobin suna ƙaruwa ne zuwa baya. Don haka fara zagayen lissafin daga tsohon kyandir ka gangaro zuwa 0, kuma idan i ce lambar kyandir ɗin da kake lissafawa, EMA ta baya tana i+1. Masu sa i-1 suna da yawa, ni ma na taɓa kwana a kanta.

Sai ka gwada da biro. Mai da N ta zama 3, k za ta zama 0.5. Farashi 10, 12, 14: ka fara da 10, na biyu ya ba ka 11, na uku 12.5. Sa umarnin Print ya fito maka da lambobin, ka kwatanta.

Idan ka ga ɗan bambanci da EMA ta shafin duba farashi na TradingView a kyandirorin farko, kada hankalinka ya tashi. Lambar da aka fara da ita ce ta bambanta, kuma tazarar tana shafewa bayan kyandirori sun taru.