Me ya sa amino asid na 1 ke kama na 5, ba na 2 ba?

Ƙanwata, kin ce a darasinku na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kin rasa dalilin da amino asid (tubalin ginin furotin) na 1 ke kama na 5 a murɗin alfa (siffar da sarƙar furotin ke yi in ta murɗe), ya bar na 2 da ke gefensa.

Murɗin ne sanadi. Kowane zagaye amino asid 3.6 ne, don haka C=O (kabon da oksijin) ɗin na 1 kan tsaya saitin N-H (naitirojin da haidirojin) ɗin na 5, tazarar O da N kusan angistirom 3 (angistirom ma'aunin tazarar ƙwayoyin zarra ne). Nan haɗin haidirojin, wato jan da ke tsakanin H da O, ke ƙulluwa. Na 2 kuwa ya juya digiri 100, don haka ba ya saitin na 1.

Ɗalibai kan ɗauka maƙwabcin jeri shi ne maƙwabcin zama, ba haka ba ne. Ki kula da amino asid ɗin furolin ma: N ɗinsa ba H, shi ya sa yake lanƙwasa murɗin. Ki auna tazarar O da N a PyMOL, manhajar duba siffar furotin. In tazarar ta haura angistirom 3.5, nuna wa malaminku kafin ki kira shi haɗi.