Nawa doki ke ci a wata, kuma ta ina zan rage kashe kuɗi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne mai albashin wata. Wata bakwai ke nan da na sayi doki, kuma tun daga lokacin lissafina bai taɓa yin daidai ba. Wani watan kuɗin ya ishe ni har da saura, wani watan sai na ci bashi. Yaya zan tsara abin da zan riƙa warewa dokin nan duk wata, kuma me zan iya ragewa ba tare da na cutar da shi ba?

Amsa: Malam, barka kadai. Abin da ke faruwa da kai yana faruwa da kusan duk wanda ya fara riƙon doki. Kana lissafa abin da ka kashe a watan da ya wuce, ka ɗauka shi ne kuɗin wata. To amma hidimar doki ba ta bin kalandar albashi. Ci da sha kullum ne, gyaran kofato bayan 'yan makonni, rigakafi da duba haƙori shekara-shekara, ciwo kuwa ba ya sallama. Watan da ka ga saura, kuɗin wata hidima ce da lokacinta bai zo ba ka ɗauka rara ce. Saboda haka lissafin shekara za ka yi, sannan ka raba shi gida 12.

Ka fara da sanin nauyin dokinka, domin kusan komai a kansa yake ratayawa. Ba sai da sikeli ba. Ka sami awon tela, ka zagaya ƙirjinsa ta bayan ƙafafun gaba, daidai inda ɗamarar sirdi ke bi, ka rubuta santimita nawa ne. Sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa ƙarshen gindi. Ka ninka awon ƙirjin da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Abin da ya fito shi ne kimanin nauyinsa a kilo. Misali, ƙirji 170 da tsawo 160 za su ba ka kilo 389, mu ce 400 don sauƙin lissafi. Awon na iya kaucewa kaɗan, amma ya fi kintace nesa ba kusa ba.

Doki baligi yana bukatar busasshen abinci da ya kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana, kuma mafi yawansa ya zama ciyawa ko harawa. Dokin kilo 400 ke nan zai ci kilo 6 zuwa 8 a yini. Ka ɗauki 8 don kada lissafi ya gaza: kilo 240 a wata, kusan tan 3 a shekara. Wannan shi ne ƙashin bayan kasafinka. Ka je inda kake saye, ka ɗora dami ɗaya a kan sikeli ka ga kilo nawa ne, domin dami suna ya tara, na wannan mai sayarwa ba ɗaya yake da na wancan ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wajen busasshiyar ciyawa ido yakan sha kunya, don tana da ƙumbo ba nauyi. Da ka san kuɗin kilo ɗaya, sauran lissafin ninkawa ne kawai.

A nan ne kuma mafi yawan kuɗin da za ka iya cetowa yake, kuma ba ta hanyar rage masa ci ba. Ka duba ƙasan barga da safe. Duk ciyawar da ya tattake, ya yi fitsari a kai, kuɗinka ne. A ce kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake zubawa ne ke lalacewa haka. Wannan kilo 48 ke nan a wata, abincin kwana shida, a shekara kuwa ya haura abincin wata biyu. Kwami mai zurfi ko ragar rataye ciyawa za su maido da kuɗinsu ba da jimawa ba. Akwai ƙarin riba: dokin da ke cin abinci a kan rairayi yana haɗiye yashi, yashin ya taru a hanji, wata rana ya zama ciwon ciki mai cin kuɗi. In ragar za ka rataya, ka ɗaga ta yadda ƙafarsa ba za ta shiga ba bayan ta zama wofi.

Hanya ta biyu ita ce saye da yawa lokacin da ciyawa ta yi araha, wato bayan girbi, maimakon sayen ɗai-ɗai a lokacin da ta yi ƙaranci. Amma da sharaɗi. Sai kana da wurin ajiya mai rufi, a ɗaga damunan daga ƙasa a kan katako, iska na ratsawa. Ciyawar da ta jiƙe ta yi fumfuna ba ta da amfani sai zubarwa, kuma wanda ya ji ciwon zubarwa ya ba doki, to zai biya a wajen likita, don tana kawo tari da ciwon ciki. Ka buɗe dami ka sansana kafin ka biya. Idan ƙura ta tashi ko ka ji warin ruɓa, ka bar masa kayansa komai arahar.

Sai hatsi, wanda a ganina nan ne masu doki suka fi ɓarnar kuɗi da hannunsu. Mutum yana so ya ga dokinsa ya yi ɓul-ɓul, sai ya yi ta ɗura masa tsaba. Dokin da ake hawa sau biyu ko uku a mako, tafiya da ɗan sukuwa, sau da yawa ciyawa mai kyau da gishiri sun ishe shi, ko kuma a ƙara da hatsi kaɗan. Wanda ke aiki mai nauyi, da goɗiya mai ciki ko mai shayarwa, da duƙushi mai tasowa, su ne masu bukatar ƙari sosai. Tumbin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girman jikinsa, lita 8 zuwa 15, an halicce shi ne don ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan mafi yawan yini, kuma doki ba ya iya amai. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ya jawo ciwon ciki ko kumburin cikin kofato, ciwon da kan bar doki da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Kada hatsin da za ka ba dokin kilo 400 ya wuce kilo 2 a ci ɗaya, kuma duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Yadda za ka gane ko yana samun isasshe: ka shafa haƙarƙarinsa. Ya kamata hannunka ya ji ƙasusuwan cikin sauƙi amma ido bai gan su ba. In sai ka danna kafin ka ji su, kana kashe kuɗi kana saya masa ciwo. In ana ƙirga su daga nesa, to kafin ka ƙara hatsi a duba haƙoransa da tsutsar ciki.

Arahar da zan ja maka kunne a kanta iri biyu ce. Ta farko dusa. Tana da sauƙin kuɗi, doki na sonta, amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, kalsiyam kuma ya yi kaɗan. Idan ta zama ita ce babban abincinsa na tsawon watanni, jiki zai riƙa zare kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ƙafafu su yi rauni. A ba shi kaɗan, tare da harawa, wadda ke da kalsiyam. Ta biyu ta fi haɗari: haɗaɗɗen abincin shanu ko na kaji. Wasu kamfanoni na sa maganin monensin a ciki, wanda shanu da kaji ke ɗauka lafiya, amma ɗan kaɗan ɗinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi. Ko kyauta aka ba ka buhu, kada ya shiga bargarka.

Ruwa, lita 25 zuwa 45 a yini, fiye da haka in ana zafi ko ya yi gumi. In sayen ruwa kake yi, ka sa shi a lissafi, kusan lita 1,000 ke nan a wata. Gishiri ba ya cin kuɗi, ka ajiye masa dunƙule ya riƙa lasa.

Yanzu ga hidimomin da ke rikita maka wata. Kofato yana tsiro kamar farce, kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, yana bukatar gyara duk mako 6 zuwa 8, wato sau 7 ko 8 a shekara. Ka ninka kuɗin gyara ɗaya da 8, ka raba da 12. Mutane kan ja lokacin gyara don su yi tsimi, sai kofaton ya yi tsawo ya tsage, jijiyoyin ƙafa su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Inda za ka iya yin tsimi na gaskiya shi ne takalmin ƙarfe. Dokin da kofatonsa ke da ƙarfi, kuma ba a kan kwalta ko duwatsu yake yawan tafiya ba, zai iya zama ba takalmi, gyara kawai. Sharar kofato kullum kuwa aikinka ne, kyauta ne, kuma a nan za ka fara ganin ƙusa ko ruɓa tun abin yana ƙarami.

Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa shekaru da yawa, gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankan kunci da harshe. A duba su sau ɗaya a shekara. Alamar matsala ita ce ka ga yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ka ga ƙwayar hatsi ta fito a kashinsa yadda ta shiga. Abincin da ka saya ne ke wucewa a banza.

Rigakafi ya danganta da cututtukan yankin da kake, likitan da ke kusa da kai shi zai faɗa maka. Amma na tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sandarar da jiki, ba na sasantawa a kansa. Doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa, ƙusa ɗaya ta isa, kuma yawancin waɗanda suka kamu ba sa tashi duk da kuɗin da aka kashe. Allurar tana cikin mafi araha a duk lissafinka: biyu a farko da tazarar mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa sabuntawa yadda takardar maganin ta ce.

Maganin tsutsa kuma, a da ana ɗura shi duk bayan wata biyu ba tambaya. Yanzu an bar wannan, don tsutsotsin sun fara jure magungunan. Inda ake iya gwajin kashi, a ƙirga ƙwan tsutsa tukuna, dawaki manya da yawa sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishe su. Kada ka raba maganin doki ɗaya wa dawaki biyu. Da nauyi ake bayarwa, rabin awo ba ya kashe tsutsa, sai dai ya koya mata juriya. Kwashe kashi daga barga da wurin kiwo akai-akai shi ma magani ne, takin kuma abin sayarwa ne ko musaya da ciyawa a wajen manomi.

In kana biyan hayar barga ko albashin mai kula da shi, wataƙila wannan ya fi abinci ma tsada. Ka zauna da mai bargar ka san me kuɗin ya ƙunsa, don kada ka biya abu ɗaya sau biyu. In kana da lokacin shara da ba da abinci da kanka, ko da a ƙarshen mako ne, ka nemi ragi. Sirdi, linzami da ragama ba sayen wata-wata ba ne, amma suna tsufa. Ka ƙiyasta shekarun da za su yi, ka raba kuɗinsu, ka riƙa goge gumi kana shafa wa fata mai. Na hannu mai kyau ba laifi, in dai sirdin ya zauna daidai a bayansa. Wanda bai zauna ba zai yi masa gyambo, ka yi makonni kana ciyar da dokin da ba ka hawa.

Idan akwai masu dawaki kusa da kai, ku haɗa kai. Likita da mai gyaran kofato su zo rana ɗaya ku raba kuɗin zuwa, ciyawa ku saye ta mota guda.

Abin da ya rage shi ne ajiyar ko-ta-kwana, kuma ita ce za ta raba ka da bashi. Bayan ka haɗa duk na sama ka raba gida 12, ka ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai, ka riƙa tura shi wani asusu daban ranar da albashi ya shigo. Shawarata ka ci gaba har ya kai kuɗin riƙon dokin na wata uku. Ciwon ciki yakan zo da dare, kuma abin da na sha gani shi ne mai doki ya ƙi kiran likita don aljihu ba komai, ya jira gari ya waye, ciwon da allura ɗaya za ta kwantar ya zama wanda ba ya jin magani. In ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ya ƙi abinci, kira za ka yi nan take.

Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ya fita saboda dokin, har igiya da man shafawa, tsawon wata uku. Ka haɗa da abin da ka iya tunawa na wata bakwai da suka wuce. In jimillar ta fito ka ga tana cin kuɗin abincin gida ko na makarantar yara, ka tuna doki yakan yi shekara 25 zuwa 30, kuma tsufansa ya fi ƙuruciyarsa tsada. A irin wannan hali kana iya neman amintaccen mahayi ku raba hawa ku raba hidima, da yarjejeniya a rubuce kan wanda zai biya in ciwo ya zo. In hakan bai samu ba, ka sayar da shi tun yana da ƙiba da lafiya, lokacin da zai yi daraja kuma za ka iya zaɓen hannun da zai shiga.