Tsohon kaya sauka yake yi, ba ya hawa

'Yata, na ga saƙonki, da fatan ke da maigidan kuna lafiya. Kin tambaya me ya sa manya ba sa yarda a zubar da tsohon zane ko kwalba ko gwangwani, kin ce ƙawayenki suna kiran abin rowa da tara shirgi, kina so ki san ko da hikima a ciki ko sabo ne kawai.

Da hikima, amma tana da ƙa'ida, kuma wadda ba ta san ƙa'idar ba ita ce take cika ɗaki da tarkace. Kaya sauka yake yi mataki-mataki, daga aiki mai tsafta zuwa wanda bai kai shi ba, ba ya komawa sama. Tawul ya tsufa ya zama na goge hannu, daga nan na goge tebur, daga nan tsumman goge ƙasa, sannan ya tafi shara. Tawul ɗaya ya hutar da ke sayen abu uku ke nan. Amma wanda ya taɓa ƙasa ba ya dawowa kusa da kwanuka, ko an wanke shi sau goma.

Bari in fara da yadi, don nan ne aka fi samun riba. Zanen gado a tsakiya yake mutuwa, gefensa yana nan da ƙarfinsa. Kafin ya huje, ki tsaga shi biyu a tsaye, ki haɗa gefe da gefe su zama sabuwar tsakiya, ki kalmasa bakin da ya sire ya koma waje. Ɗinkin tsakiyar a kwantar da shi, in ba haka ba zai dami mai kwanciya. In kuma tsumma za ki yanka, ba kowane yadi ne yake shan ruwa ba. Ki zare zare ɗaya ki kusantar da shi ga ashana: auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi, yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Na audugar shi ne tsumma. Na roba sai dai ya yi ta tura ruwa gaba yana barin zane a kan tebur, gara ki yi buhun ajiya da shi. Ki yanka kamar santimita 30 kowane ɓangare, ki cire maɓallai da zif don suna karce gilashi.

Kwalba ta fi kowace mazubi aminci, ba ta riƙe wari, ba ta shan maiƙo. Ki wanke ta da sabulu, ki sa ta a tukunya da ruwan sanyi, su ɗau zafi tare, ta tafasa minti 10. Kada ki tsoma kwalba mai sanyi cikin tafasasshen ruwa, nan take za ta tsage. Ki kife ta ta bushe sarai, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa abin da kika zuba ya yi fumfuna. Yawanci murfin ne yake ba da matsala: in kin ga tsatsa a cikinsa, kwalbar ta sauka daga ajiyar abinci, ta koma ta maɓallai da allurai.

Roba ce take son lura. Ki juya gindinta, za ki ga lamba cikin ɗan alwatika. Mai lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, ba a yi ta don zafi ba, ruwan zafi yana lanƙwasa ta, kuma ƙaramin bakinta ba ya barin a wanke cikinta da kyau. Mai lamba 2 ta fi ta ƙwari, mai lamba 5 ita ce ta fi jure zafi. Duk robar da ta karce ko ta yi fari-fari tana ɓarewa, ta gama da abinci. Ki yanke kan gora ki yi mazurari, gindin ki huda shi ki raini irin shuka.

A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko fetur, ko fenti, ko ruwan batir, ba ta ɗaukar ruwan sha ko man girki har abada. Roba tana shan guba a jikinta, wanki ba ya fitar da ita duka. Ta maganin ƙwari a ɗauraye ta sau 3, a huda ta don kada wani ya tsinta ya zuba ruwa. Haka kuma ba a juye kananzir ko sinadarin wanki a gorar lemo. Yaro gora yake gani, ba ya tambayar abin da ke ciki. Tsohuwar wayar lantarki da ta tsattsage da tiyon gas da ya bushe su ma ba a yi musu tattali. Jarida kuma ta yi shimfiɗar kanta da goge gilashi, amma tawadarta tana bin maiƙo, kada ki naɗe abin ci da ita.

Bokiti in ya fara tsagewa, ki ɗumama ƙusa ki huda ɗan rami a ƙarshen tsagar ta kowane gefe, ramin ne yake hana ta ci gaba. In liƙi ya ƙi, ki ƙara huji 5 ko 6 a gindi ki zuba ƙasa ki yi shuka. Gwangwani ma haka, sai dai ki fara danne bakinsa da filaya ko guduma don yana yanka. Hujin nan ba ado ba ne. Duk abin da ya tara ruwa a tsakar gida, musamman tsohuwar taya, gidan sauro ne, kuma a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwai ya zama sauro mai cizo.

Guntayen sabulu ki tara su bushe. In sun cika kofi ɗaya ki kankare su, ki zuba ruwa kwatan kofi, ki narkar a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa, ki juye a ƙaramar roba, ki bar shi mako 2 ya yi tauri. In kin cika ruwa ba zai daskare ba. Mai ƙiwa kuma ta zuba su cikin tsohuwar safa ta ɗaure, ta rataye kusa da famfo.

Saura maganar shirgi, kuma a nan ƙawayenki suna da gaskiyarsu. Ki ware kwali ɗaya tak na ajiyar irin waɗannan kaya. Kafin abu ya shiga, ki faɗi aikin da zai yi. In kin rasa, ba ya shiga. In kwalin ya cika, sai wani ya fita kafin wani ya shigo. Abin da ya shekara ba ki taɓa shi ba, ki ba wa mai buƙata tun yana da amfani, ƙarfe da dalma kuma ki sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa, su da awo suke saye.

Ki gaida maigidan.