Amsa: Takardar tambayoyin da ake ba mai ciwon daji

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ka ce an ba ta takarda ana tambayar barcinta da cin abincinta, kana tambaya ko za ka iya cike mata, tunda ga hoto ga gwajin jini.

Don Allah kada ka amsa a madadinta. Hoto zai nuna ko ƙarin ya ragu, amma ba zai nuna tashin zuciyar da ya hana ta tuwo ba, ko gajiyar da ta sa take sallah a zaune. Ita kaɗai ta san wannan.

Idan tambayoyin 30 ne, wataƙila QLQ-C30 ce, wadda ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai, EORTC, ta fitar a 1993. Yawancinsu kan makon da ya wuce ne: zafin ciwo, numfashi, damuwa, har da matsin kuɗin magani. Kuma ba aikin banza ba ne. A asibitin Memorial Sloan Kettering na Amurka an bi marasa lafiya 766. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda ke aika bayanin halin da suke ciki kai tsaye ga ma'aikatan jinya sun fi sauran daɗewa a raye da kusan wata biyar.

Abin da ke damuna shi ne kunyar iyayenmu. Ka tambaye ta jiki, ta ce "da sauƙi" ko da ta kwana tana juyi. In ba ta karatu, a samu nas mace ta karanta mata, kai kuma ka ɗan ba su wuri.